Beethoven Ɗaya, Faifai Barkatai: Wanne Za a Ajiye?

Duk mai ajiye kaset ɗin Shata ya san Bakandamiya ba guda ɗaya ba ce. Ya rera ta sau da dama a wurare daban-daban, har gobe kuma masu tara kaset suna musu kan wadda ta fi. Amma duk inda musun ya kai, bakin Shata ne da kalangun yaransa. Musun da na kawo muku yau ya fi wannan wuyar rabuwa, domin mai kiɗan bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar sauti ba. Ludwig van Beethoven, Bajamushen da aka haifa a birnin Bon a 1770, ya mutu a Viyana ta ƙasar Ostiriya a 1827, shekara 50 cif kafin Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya. Takardu kawai ya bari, cike da alamomin kiɗa. Duk Beethoven ɗin da ka ji a waya ko a rediyo, wani ne ya karanta takardun nan ya buga maka yadda ya fahimta.

Cikin abin da ya bari, simfoni guda tara su ne kan gaba. Simfoni dogon kiɗa ne na babbar ƙungiyar makaɗa: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu busa ƙaho da kakaki, da mai tambura. Yawanci kashi huɗu ake yi mata, kuma ba a waƙa a ciki. Ta Tara kaɗai ce ya sa wa mawaƙa a kashinta na ƙarshe. An fara buga ta Ɗaya a 1800, ta Tara kuma a 1824, lokacin kunnensa ya riga ya mutu. Mutumin nan mai 'yar sanda da ke tsayawa gaban makaɗa shi ne jagora. Kamar madugu yake a ayari: shi ke cewa a yi sauri ko a sassauta, wa zai fito fili, wa zai koma baya.

Tun bayan da Felix Weingartner ya zama na farko da ya kammala ɗaukar duka taran, jagoran da ya isa ba ya jin ya cika sai ya fitar da nasa akwatin. Herbert von Karajan shi kaɗai sau huɗu ya yi. Yau ba sai ka nemi faifai a gwanjo ba. Ka rubuta sunan a YouTube ko Spotify, su yi maka rubdugu. To a nan gizo ke saƙa. Akwati ɗaya yakan ci awa biyar da rabi zuwa shida. Mutumin da ya taso daga kasuwa ko kara a gajiye, datarsa a ƙidaye, ba shi da lokacin bin akwati goma. In kuma ya faɗa kan wanda bai dace da kunnensa ba, sai ya kashe ya ce ai kiɗan Turawa barci yake sa mutum, alhali laifin na jagora ne.

Ra'ayina shi ne babu akwatin da ya cinye duka tara. Tara akwati barkatai kuma ba ya ƙara wa kunne komai. Biyu da suka saɓa wa juna sun fi goma masu kama da juna amfani.

A kan me suka saɓa? Da farko a kan gudu. A zamanin Beethoven wani maƙeri mai suna Maelzel ya fito da mitironom, 'yar na'ura mai ƙwanƙwasa kamar agogo, wadda ke ƙidaya bugu a minti. A 1817 Beethoven ya wallafa lambobin gudun da yake so wa simfoni takwas na farko. Lambobin nan da sauri suke ƙwarai. Jagorori da yawa suka ƙi bin su: wasu suka ce na'urarsa ce ta lalace, wasu suka ce kurma a ransa yake jin kiɗa, bai san wahalar masu bugawa ba. Wasu kuwa suka ce mai abu ya faɗi yadda yake so, kai wane ne da za ka gyara masa?

Na biyu a kan nauyi. Kayan kiɗan zamaninsa ba irin na yanzu ba ne. Tsirkiyar goge ta hanjin dabba ce, ƙaho ba shi da maɓallai, ƙungiyar kuma galibi ba ta kai girman ta yau ba. Da aka koma tsirkiyar ƙarfe aka kuma ƙara yawan masu goge, sauti ya yi kauri da santsi, amma masu sarewa suka riƙa nutsewa.

Mu fara da Karajan da makaɗan birnin Balin, wanda kamfanin Deutsche Grammophon ya fitar a 1963. Shi ne akwatin da ya fi suna, kuma ba a banza ba. Masu gogensa kamar mutum ɗaya suke, ta Uku da ta Biyar da ta Tara suna da ƙarfi da sheƙi. Sai dai Karajan mai son shafe kaifi ne. Yakan dama sautuka su zama ɗaya kamar fura da nono, ka ji daɗi amma ka kasa rabe wane ne wane. A ta Shida, wadda Beethoven ya yi don kwatanta ƙauye da rafi da hadari, sai ka ji shi kamar direban da ya ratsa ƙauyen da gudu bai ko sauke gilashi ba. Ga kuma matsalar da ta shafe mu: irin wannan sautin yana son ɗaki shiru da sifika mai kyau. A ƙaramar waya, janareta na ruri a maƙwabta, rabin kyansa ya tafi.

Arturo Toscanini, ɗan Italiya, ya ɗauki nasa a Amurka da makaɗan gidan rediyon NBC wajajen 1950, yana da shekara 80 da ɗoriya. Wuta ce zalla. Bugunsa daidai yake kamar faretin soja, kuma ya fi tsararrakinsa kusantar gudun da Beethoven ya rubuta. Amma ɗaukar tsohuwa ce, babu sitiriyo, sautin a bushe, wani lokaci har ya soki kunne. Na wanda ya riga ya san kiɗan ne, bai dace da sabon shiga ba.

Otto Klemperer da makaɗan Philharmonia na Landan, daga 1955 zuwa 1960, kishiyar Toscanini ne. Tafiyar giwa yake yi. Wanda ya ji shi karon farko zai ce tsohon nan ya gaji. Ka ba shi minti biyar. Klemperer yakan raba masu goge, kashi ɗaya dama kashi ɗaya hagu, ya kuma turo masu sarewa gaba, sai ka ji kowa yana maganarsa, wannan ya faɗa wancan ya amsa. A kashi na biyu na ta Uku, wanda tafiyar rakiyar gawa ce, ban san wanda ya kai shi nauyi ba. Nasa ne ma aka zaɓa, kashin farko na ta Biyar, aka sa a faifan zinariya da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya a 1977. Rauninsa a wuraren rawa yake. Inda Beethoven ya so a yi tsalle, Klemperer takawa yake yi da sanda.

Daga wajajen 1986 sai ga masu cewa a koma asali. Roger Norrington ya fara jan hankali, sannan John Eliot Gardiner ya fitar da nasa a 1994, da kayan kiɗa irin na da, da gudun da aka rubuta. Wallahi jin farko kamar an wanke tsohon gilashi ne. Tambura na tsagawa, ƙaho na gurnani, ta Biyu da ta Takwas suna dariya. Amma akwai farashi. Dubi kashi na uku na ta Tara, wurin natsuwa kafin mawaƙa su shigo. Wilhelm Furtwängler, a wasan da ya yi a garin Bayreuth a 1951, ya kai kusan minti 20 a kansa. Gardiner minti 12 ya yi. Ta Tara gaba ɗaya minti 74 ce a hannun Furtwängler, a hannun Gardiner kuwa kusan awa guda. Takarda ɗaya fa suke karantawa! A nan ni ina bayan tsohon. Gardiner ya bi lamba, amma wurin da ya kamata zuciya ta zauna ta huta ya zama wurin wucewa.

Wanda ya tsaya tsakiya shi ne Nikolaus Harnoncourt, da ƙaramar ƙungiyar Chamber Orchestra of Europe, a gaban 'yan kallo a garin Graz, 1990 da 1991. Kayan zamani ya yi amfani da su, sai kakaki da ya bar irin na da. Ya san lambobin mitironom amma bai zama bawansu ba. Inda ake son kaifi yana da shi, ta Shida kuma ya sassauta mata ta yi numfashi. Wasu na ƙorafin yakan danna wasu wurare fiye da kima, kamar mai magana yana buga tebur. Gaskiya ne. Sai dai Beethoven ɗin ma ai mai buga tebur ne.

Wani abin da ke cikin faifan nan shi ne tarihin masu yin su. Waƙar ƙarshen ta Tara kira ce ga 'yan'uwantakar 'yan Adam. Duk da haka akwai ɗaukar Furtwängler yana buga ta a Balin a 1942, ƙarƙashin mulkin Hitler, da wani irin zafi mai ban tsoro. Karajan ya taɓa shiga jam'iyyar Nazi. Klemperer, Bayahude ta haihuwa, barin Jamus ya yi a 1933, shekarar da Toscanini ya ƙi zuwa Bayreuth don nuna adawa. A Kirsimetin 1989, bayan faɗuwar katangar Balin, Leonard Bernstein ya buga ta a birnin, ya sa mawaƙa suka musanya kalmar murna da kalmar 'yanci. Daga baya Daniel Barenboim ya ɗauki duka taran da ƙungiyar matasa Larabawa da 'yan Isra'ila wadda suka kafa da Edward Said a 1999. Kiɗa mai kyau bai wanke kowa ba, amma wanda ya san wa ya buga, a ina, yaushe, ya fi jin abin da ke ciki.

To, malam, yaya za ka gwada da kanka? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka saurari akwati daga farko har ƙarshe sannan ka ɗauko wani, kunne mantuwa gare shi. Ka zaɓi wuri guda na minti biyu ko uku, ka ji shi a hannun mutum biyu a jere. Wurin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen kashi na uku na ta Biyar: kiɗan ya yi ƙasa kamar za a ɗauke wuta, mai tambura na ƙwanƙwasawa a hankali, sannan kowa ya fashe lokaci guda a shiga kashi na huɗu. Ka lura wa ya iya riƙe ka cikin duhun nan, wa ya yi gaggawar kunna fitila.

Kada kuma yawan mintoci ya ruɗe ka. Beethoven yakan sa alamar a maimaita wani yanki, wasu jagorori su bi, wasu su tsallake. Karajan na 1963 ya tsallake maimaicin kashin ƙarshe na ta Biyar, Carlos Kleiber ya bi. Na Kleiber ya fi tsawo a agogo, amma ko kusa bai fi sanyi ba.

In kana son sanin darajar akwati kuwa, kada ka auna shi da ta Biyar ko ta Tara, kowa yakan zage damtse a kansu. Ka auna shi da ta Biyu, ta Huɗu da ta Takwas, waɗanda wasu manya ke bugawa don dai a cika lissafi. Jagoran da ya girmama ƙananan, shi ne ya cancanci ka ba shi awa shida na rayuwarka. Da wannan ma'aunin ne Harnoncourt da Gardiner suka sha gaban tsofaffin.

Hukuncina ke nan. Akwatin farko, Harnoncourt: sautinsa a fili yake ko a waya, kuma babu ɗaya cikin taran da ya yi wa riƙon sakainar kashi. Na biyu, Klemperer, don ka ji ɗaya gefen musun. Bayan nan ka daina neman akwati, ka koma tsintar ɗaiɗai. Ta Biyar da ta Bakwai, Kleiber da makaɗan Viyana, waɗanda ya ɗauka tsakanin 1974 da 1976. Mutumin nan bai taɓa yin duka taran ba, amma biyun nan sun fi cikakken akwatin mutane da yawa. Ta Shida, Karl Böhm, shi ma da makaɗan Viyana, 1971. Ta Tara, Furtwängler na 1951, da tsohon sautinsa da tuntuɓen makaɗansa duka. Karajan zai iya jira sai ranar da ka samu sifika da dare mai shiru.

Na san a masu karatu akwai wanda zai ce na zalunci Karajan, wani ya ce Klemperer maganin barci ne. Madalla, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ka zo mu yi musu, ka saurari wurin nan na ta Biyar a hannun mutum biyu, ka zo da abin da kunnenka ya ji. Allah ya kai mu fitowa ta gaba lafiya.