Shin Sifa da Bayanau Abokan Gabar Marubuci Ne?

Akwai shawarar da masu koyar da rubutun Ingilishi suke yawan maimaitawa: wai in kana son rubutunka ya yi ƙarfi, ka kori sifa da bayanau, ka dogara da suna da aikatau. Littafin Strunk da White, The Elements of Style, wanda ya fito a 1959, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. Stephen King ma ya yi wa bayanau kaca-kaca a littafinsa On Writing na shekarar 2000. Ni dai ina ganin shawarar nan ta fi cutar da mai koyo a kan amfaninta.

Ba na musun cewa akwai gaskiya a cikinta. Wanda ya rubuta "he ran quickly" alhali akwai "he sprinted", kamar Bahaushen da ya ce "ya yi gudu da sauri" ne ga "ya sheƙa" a kusa. Amma ko masu dokar ba su iya kiyaye ta ba. A 2009 masanin harshe Geoffrey Pullum ya nuna cewa jimlar da ta biyo bayan wannan doka a littafin Strunk da White tana ɗauke da siffofi uku.

Matsalar mai koyo ba yawan kalmomin ba ce, rashin sanin aikinsu ne. An koya mana cewa bayanau yana ƙarewa da -ly, sai muka riƙe hakan kamar karatun allo. To ga "friendly" da "lonely", duk siffofi ne. Ga kuma "fast" da "late", suna aikin bayanau ba tare da wutsiyar ba. Wanda ya so yabon ma'aikacinsa ya rubuta "he hardly works" ya kashe masa kasuwa, domin cewa ya yi da ƙyar yake taɓuka komai. "He works hard" ya kamata ya ce. Haka nan bayan aikatau irin su "feel", "look" da "taste", sifa ake sawa: "the soup tastes good", domin miyar ake siffantawa.

Mu da muka fara da Faransanci a makarantun Nijar muna da ƙarin tarko. Faransanci yakan sa bayanau tsakanin aikatau da karɓau, Ingilishi kuwa ba ya son haka: "I speak Hausa well" ake cewa, ba "I speak well Hausa" ba. Hausa ta yarda da "jar mota" da "mota ja", amma Ingilishi "red car" ya sani. Dokar kora ba ta koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya fi damuna shi ne a kwaso dokar a ɗora wa Hausa. A cire "zumbur" daga "ya miƙe zumbur", ko "ƙirin" daga "baƙi ƙirin", me ya rage? Amsa-kamarmu ba ado ba ce, ita ce ke sa mai karatu ya ga abin da idonsa.

Saboda haka kafin marubuci ya soke kalma, ya tambayi kansa: me take bayyanawa, kuma tana mazauninta? In tana aiki, a bar ta. In ta karkace, a gyara mata zama. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.