Shekara goma a teku, kwana ɗaya a tudu

Duk wanda ya bi finafinan Pirates des Caraïbes tun daga na farko na 2003 yana da ƙorafi kan yadda aka ƙare su. Abin da na fi ji a bakin ƴan uwa ɗalibai shi ne wai kashi na uku, Jusqu'au bout du monde na 2007, ya ƙare da baƙin ciki. Will Turner da Elizabeth sun sha wuya fim uku, Barbossa ya ɗaura musu aure a tsakiyar yaƙi da takobi a hannunsa, sannan aka raba su. To ni dai a ganina wannan rabuwar ita ce abu mafi kyau a fim ɗin. Haushina yana wani wuri.

Ku tuna yadda abin ya faru. Davy Jones ya soki Will. Jack Sparrow, wanda ya daɗe yana kwaɗayin rayuwa marar mutuwa, ga zuciyar Jones a hannunsa, amma sai ya kama hannun Will ya sa shi ya caka ta. Dokar jirgin Hollandais Volant kuwa ba ta da sassauci: wanda ya caki zuciyar shi zai zama kyaftin, a cire tasa a sa a akwati, ya yi shekara goma yana raka rayukan waɗanda suka mutu a teku, ya samu kwana ɗaya tak a tudu. Jack ya rasa abin da yake so, Will ya rayu amma ya biya da tsada. Mu da muka san gidajen da maigida ya tafi ci-rani Abidjan ko Libiya shekara da shekaru, ba sai an fassara mana wannan jiran ba.

Ba wai fim ɗin ba shi da laifi ba, yana da shi da yawa. Kusan awa uku, kowa na cin amanar kowa har mai kallo ya rasa wa ke tare da wa. Kraken, dodon da ya haɗiye Jack a kashi na biyu, sai gawarsa muka gani a bakin ruwa. An yi ta tsoratar da mu da Calypso, da aka sake ta sai ta kumbura ta watse ta zama ƙaguwa. An tara shugabannin ƴan fashin teku tara da jiragensu, ga rundunar Beckett ta cika teku, amma jirgi biyu ne suka gwabza, sauran ƴan kallo ne kamar mu. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Elizabeth. Matar da aka zaɓa sarkin ƴan fashi, wadda ta tsaya ta zaburar da mazaje zuwa yaƙi, ita ce aka ajiye a tudu tana gadin akwati. Haba! Ba ta da jirgi ne?

Duk da haka labarin ya rufe. Wanda ya haƙura har rubutun ƙarshe ya gama wucewa (mu nan da rubutu ya fito ake kashe tele) ya ga Elizabeth da ɗanta bayan shekara goma, koren haske ya walƙa, jirgin Will ya ɓullo.

Cin amanar ya zo ne a 2017, da La Vengeance de Salazar. Gore Verbinski da ya shirya ukun farko ba ya nan. Sai aka ƙirƙiro mashin Poséidon mai baki uku, aka ce idan an karya shi duk wata la'ana ta teku ta warware. Henry, ɗan Will, ya sare shi, shi ke nan. Sadaukarwar Jack, zuciyar da ke akwati, duk sun tashi a banza. Wa zai raka matattu yanzu? Fim ɗin bai ma tambaya ba. Kuma marubutan kamar ba su kalli na baya ba: a kashi na biyu an nuna mana Jack ya samu busol ɗinsa, wato abin nuna hanya, a wurin Tia Dalma, a na biyar kuma wani kyaftin ne ya miƙa masa yana gargarar mutuwa. Jack ɗin kansa, wanda da yake fakewa da wauta yana ƙulla dabara, ya koma mashayi zalla wanda sa'a kawai ke fid da shi.

Mutuwar Barbossa don ceton ƴarsa Carina ta so ta taɓa ni, sai na tuna mutumin nan ya riga ya mutu a 2003, aka dawo da shi a 2006 yana gatsar tuffa. Bayan rubutun ƙarshe ma inuwar Davy Jones aka nuna a ɗakin Will, ke nan shi ma ana shirin tono shi. Masu neman ƙarshe mai daɗi sun samu: Will ya sauko tudu, Elizabeth ta rugo ta rungume shi. An dawo da Keira Knightley bayan shekara goma, ba a ba ta ko kalma ɗaya ta faɗa ba.