Gwanin da Ke Tayar da Na'urar da Ta Ƙi Tashi

A masana'antu da ɗakunan gwaji akwai wasu ƙananan akwatuna da ke aiki dare da rana babu mai kula da su. Suna ɗaukar awon zafi, da girgizar inji, da ƙarfin lantarki, sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, kowane awo da lokacinsa, wanda ya makara kuwa ya tashi a banza. Cikinsu akwai CompactRIO, wanda kamfanin National Instruments na Amurka ya fitar a 2004. Yawancinsu ba allo, ba madannai. Ran da irin wannan akwati ya ƙi tashi, ran nan ake sanin gwani.

Sabon hannu garaje yake yi: ya kashe ya kunna, in ya gaji ya goge komai ya sake loda manhaja, ya share shaidar da zai gane matsalar da ita. Gwani daga wuta yake farawa. Mita yake ɗorawa a kan wayoyin, domin da yawa daga cikin akwatunan nan tsakanin volt 9 zuwa 30 suke ci, kuma wutar da ta isa ana zaune tana iya faɗuwa daidai lokacin tashi. Sannan ya ƙura wa ƙaramar fitilar gaban akwatin ido yana ƙirge. In ta ƙifta sau biyu ta huta, manhaja ta lalace ko ba a loda ta ba. In sau huɗu ne, manhajar ta faɗi sau biyu a jere, galibi don ma'adanar aiki ta cika.

Fitila ba ta faɗin komai da komai. Sai ya tura ɗan makunnin da aka rubuta wa CONSOLE OUT, ya jona waya zuwa kwamfutarsa, akwatin ya riƙa zayyano abin da yake yi layi bayan layi. Layin ƙarshe kafin ya yi shiru, nan ƙafarsa ta harɗe. In rubutun ya fito a hargitse ma ba ya firgita, ya san saurin aika saƙon ne bai daidaita ba: tsofaffin samfura 9600 suke bi, masu Linux kuwa 115200. Daga nan sai ya tayar da akwatin ba tare da manhajar aikin ba. In ya tashi, laifi ya fita daga wuyan akwatin kansa. Sai ya zare katunan awo da ke jone da shi, ya riƙa mayarwa ɗaya-ɗaya, ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda.

Irin wannan dabarar ta tayar da na'ura ba tare da abin da ake zargi ba ce ta ceci Spirit, motar binciken da hukumar NASA ta saukar a duniyar Mars. Ranar 21 ga Janairun 2004 ta daina aiko da bayanai yadda ya kamata. Fayiloli ne suka yi yawa a ma'ajiyarta, duk sanda kwamfutar ta tashi tana jera sunayensu sai ma'adanar aiki ta cika, ta faɗi, ta sake farawa, batir na ta zuƙewa. Injiniyoyin da ke Kaliforniya ba su da halin taɓa ta. Suka aika mata umarnin ta tashi ba tare da ta buɗe ma'ajiyar ba, ta kuwa tashi. Suka rage fayiloli, suka sake tsara ma'ajiyar, farkon Fabrairu ta koma bakin aiki. Motar da aka yi wa lissafin kwana 90 sai a Maris ɗin 2010 ta aiko da saƙonta na ƙarshe.

Umarnin nan da ya ceci Spirit tun a ƙasa aka tanade shi, kafin ta bar duniya. Shi ya sa gwanin gaske, tun ranar da yake girka akwati lafiya lau, yake tanadin hanyar da zai yi magana da shi ran da ya ƙi tashi.