Sojan da ya gwara kai da ƙofa

Duk wanda ya kalli Star Wars na 1977 da idon basira ya san wurin. Sojojin daula masu fararen sulke sun kutsa ɗakin da C-3PO da R2-D2 suka ɓuya a cikin Death Star, sai na gefen dama ya gwara kai da saman ƙofa. Kuskure ne tsagwaronsa, kuma masu tace fim suka bar shi ya wuce.

George Lucas bai goge shi ba. A Attack of the Clones na 2002 ya sa Jango Fett ya buge kai wajen shiga jirginsa, sannan a faifan DVD na 2004 ya ƙara wa karon sojan sauti don kowa ya lura. Nan ya yi daidai, domin wannan tuntuɓe bai taɓa labarin ba, sai dai ya tuna mana mutum ne a cikin sulken.

Inda na yi hannun riga da shi shi ne gyaran 1997. A asali, Han Solo ne ya harbe Greedo a mashayar Mos Eisley tun kafin ya motsa. Lucas ya mayar da Greedo mai fara harbi, har ya kuskure daga tsallaken teburi ɗaya. Garin gyaran gira aka rasa ido: Han ɗan fasa-ƙwauri ne marar imani, shi ya sa dawowarsa ceton Luke a ƙarshe take da nauyi. Da aka wanke shi tun farko, sai nauyin ya ragu.

Kuskuren da ya fi cutar da wannan fim, da gangan aka yi shi.