Da Wace Hujja? Mai Duba da Mai Bincike a Idon Masu Karatun Zango



Littafin da ya raba kan masu karatu a nan Zangon Wagadugu ba sabo ba ne. Sunansa L'Empreinte du renard, wato sawun yanyawa, na marubucin ƙasar Mali Moussa Konaté, wanda aka haifa a Kita a 1951, ya rasu a Limoges ta Faransa a 2013. Kamfanin Fayard ne ya buga shi a 2006. Kwafi biyu suka yi ta yawo hannu zuwa hannu a tsakaninmu, waɗanda Faransancinsu bai nuna ba kuma aka ba su labarin da baki. Kowa ya gama sai ya tofa albarkacin bakinsa. Waɗannan ra'ayoyi nake son dubawa, domin sun tona abin da muke nema in mun ɗauki labarin kisa da bincike.

Ga wanda bai karanta ba, ga zubin labarin. An tura Kwamishina Habib da mataimakinsa Sufeto Sosso daga Bamako zuwa ƙasar ƙabilar Dogon, can wajen duwatsun Bandiyagara, wani ƙauye da ake kira Pigui. Samari ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mutuwa mai ban tsoro, gawa ta kumbura. Mutanen gari sun ja bakinsu sun yi gum. A wurinsu babu abin bincike, tunda masu duba sun riga sun karanta abin da zai faru. Duban nasu ya yi kama da bugun ƙasa da muka sani, sai dai su dabba ce ke yi musu rubutun. Da yamma mai duba zai zana gidaje a kan rairayi a bayan gari, ya kafa 'yan tsinkaye da duwatsu a madadin tambayoyinsa, ya watsa gyaɗa. Da dare yanyawa ta zo cin gyaɗar ta tattaka zanen. Da safe sai a zo a karanta sawunta. Wannan al'ada ce ta gaske, ba Konaté ya ƙage ta ba. Saboda haka masu neman gaskiya biyu ne a littafin: mai karanta sawun yanyawa, da mai karanta sawun ɗan Adam.

Masu karatunmu sun kasu uku.

Kashi na farko yawancinsu samari ne da 'yan mata da suka saba da littattafan Hausa na waya, waɗanda ke zuwa mana ta WhatsApp da Wattpad daga Kano da Kaduna da Maraɗi. Ƙorafinsu shi ne Habib ya cika nawa. Yana ta zagaye gida-gida da tambayoyi, alhali ga mutum a ƙauyen da ake cewa ya san komai. Su da za a bi tasu, da mai duban ne jarumin littafin. Sun saba da wani zubi da ya yi yawa a labaran waya: budurwa mai aljanu ko saurayi mai mafarkin gaskiya, an kashe wani, baiwa ta motsa, an ga fuskar makashi tun a babi na uku, sauran babi arba'in kuma guje-guje ne da soyayya. Wasunsu sun kawo misalin Medium, shirin talabijin na Amurka da aka yi daga 2005 zuwa 2011, inda Allison DuBois ke ganin matattu a mafarki tana taimakon ofishin mai gabatar da ƙara. Suka ce in Turawa sun yi an kalla, me zai hana mu, mu da muka fi su sanin iskoki?

Kashi na biyu ta fuskar addini suka ɓullo. A ganinsu littafin ya girmama bokanci, tunda marubucin bai fito ya la'anci mai duban ba. Sun tunatar da mu hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, mai gargaɗin cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Wannan ƙorafi nasu ya fi kama labaran waya, inda boka ke faɗa kuma ta tabbata, mai karatu ya rufe waya zuciyarsa ta ƙara sakankancewa.

Kashi na uku dattawa ne, da 'yan tsirarun da suka daɗe suna karanta labaran 'yan sanda. Su tun kafin tsakiyar littafin suka ce a bar yanyawa ta ci gyaɗarta, a dubi maganar ƙasa da kuɗi. Kuma sun yi daidai, domin rikicin fili da kwaɗayin samarin da suka ɗanɗana mulki na kwance a ƙarƙashin labarin. Ban yi mamakin saurin ganewarsu ba. Mutanen da aka rushe musu Zangwatin a 2003 saboda shirin ZACA, aka watsa zuri'ar da ta yi shekara da shekaru a tsakiyar Wagadugu zuwa bayan gari, ba sa bukatar mai duba ya gaya musu cewa inda fili ya yi daraja nan rigima ke kwana.

Ni dai ina tare da kashi na uku, amma sauran biyun ma kowanne ya riƙe wani abu na gaskiya.

Masu maganar addini sun yi gaskiya kan haɗarin, sai dai sun ɗora laifin a inda bai dace ba. Nuna abu a labari daban, yarda da shi daban. Aljanu da sihiri suna cikin ƙagaggun labaranmu tun ranar farko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da su, kuma an karantar da su a makarantu shekara da shekaru. Abin tambaya shi ne wane aiki marubuci ya ba gaibun. Konaté ya bar mai dubansa da kwarjininsa, ya bar mutanen Pigui da imaninsu, amma bai ɗauki maganar yanyawa ya miƙa wa Habib a matsayin amsa ba. Habib sai da ya nemo yadda aka yi kisan da dalilin yin sa ta hanyar da kowane mai hankali zai iya bi ya duba.

A nan ne na rabu da kashi na farko. Labarin bincike alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu: zan ajiye maka alamu a hanya, in ka lura za ka iya riga jarumina gano mai laifi, in ka kasa kuma, ranar da na warware za ka koma baya ka ga ashe komai na gabanka. Daɗin nan na komawa baya shi ne ribar littafin. Da zarar aljani ya raɗa wa jarumi suna, alkawari ya warware, domin mai karatu ba shi da aljani. Tun 1929 wani limamin Katolika na Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na irin wannan rubutu, ya hana a warware laifi da ikon ɓoye. Abin sha'awa ma shi ne Arthur Conan Doyle: mutumin ya yi imani da magana da ruhin matattu, ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana yi wa wannan aƙida wa'azi, amma bai taɓa ba Sherlock Holmes wannan baiwa ba. A The Hound of the Baskervilles na 1902, karen da gari ke ɗauka na la'ana ne ya tashi a kare mai jini da tsoka, da ubangidansa mai kwaɗayin gado.

Ba sai mun je Ingila neman wannan darasi ba. A cikin Suratu Yusuf, Annabin da Allah ya ba ilimin fassarar mafarki ne aka yi wa ƙazafi. Da aka zo rarrabe gaskiya, wani mai shaida daga dangin matar ya ce a duba rigar: in ta gaba ta yage, magana ɗaya ce, in ta baya ce, wata ce daban. Aka duba, aka ga ta baya ce. Hujja ce da kowa a ɗakin zai iya gani da idonsa. A Suratu Saba'i kuma, aljanu sun ci gaba da wahalar aiki ba su san Annabi Sulaiman ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi. Marubucin da ya mai da aljani ɗan sandan ciki mai sanin komai ya ba shi abin da Littafi ya nuna ba shi da shi.

Wani zai ce ai labari ne, a bar mutane su huta. Da a wata ƙasa muke da sai in yi shiru. Amma mu a Burkina mun san inda bincike da gaibu ke kai mutum. A wasu ƙauyukan Mosawa, in an yi mutuwar da ba a gane kanta ba, akan sa samari su ɗauki gawar ko wani abu na mamacin, a ce shi zai ja su zuwa ga wanda ya ci kurwarsa. Kusan kullum tsohuwa yake nunawa, gwauruwa ko wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. A kore ta daga gari da kayan jikinta. Cibiyar Delwende, wadda 'yan uwa mata na cocin Katolika suka daɗe suna riƙe da ita, wadda a da take unguwar Tanghin ta nan Wagadugu, ta karɓi ɗaruruwan irin waɗannan mata. S. Pierre Yameogo ya yi fim mai wannan suna a 2005, aka nuna shi a bikin Cannes: yara na mutuwa a ƙauye, aka ɗora wa wata uwa, alhali sanƙarau ne ke kashe su. Har sai da dokar hukunta laifuka ta 2018 ta mai da zargin mutum da maita laifi.

Kada mu ce wannan na Mosawa ne. A gidajenmu na Zango, in kuɗi ya ɓace, wa ake fara kira? Mai bugun ƙasa ko mai tsintsiya. Wa kuma ake kamawa? 'Yar aiki, almajiri, kishiya, wanda dai ba shi da mai tsaya masa. Mai duba yana sauraron gida kafin ya yi magana, ya san wanda aka riga aka tsana. Labarin da jarumarsa ta rufe ido ta ga ɓarawo, kuma ya tabbata shi ne, yana ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, ko marubucin ya nufa ko bai nufa ba. Labarin bincike na ƙwarai kuwa yana koya wa mai karatu tambaya guda: da wace hujja? Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Duk da haka ba zan ce littafin Konaté ba shi da aibu ba. A wurare da dama yakan tsaya yana bayanin al'adun Dogon kamar mai yi wa baƙi rakiya, ka ji cewa mai karatu na Faris yake kallo. Masu cewa labarin na jan ƙafa ba su yi ƙarya ba a nan. Ƙarshensa kuma ya bar mu da tambayar wace doka ce ke da iko a Pigui, ta Bamako ko ta dattawa, kuma ni ban gamsu da yawan uzurin da aka yi wa al'ada ba bayan an rasa rayuka. Fahimtar dalilin kisa ba ta wanke kisa.

Kashi na farko ma suna da abin da ya kamata a saurara. Suna son su ga duniyarsu a littafi, duniyar da ake mafarki a tashi da faɗuwar gaba, ake tofi, ake tsoron wucewa ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana. Ɗan sandan da ke yi wa duk wannan dariya baƙo ne a wurinsu. Don haka ba na ce marubutanmu su kori mai baiwa daga labari ba. Sharuɗɗa uku kawai nake roƙo. Na ɗaya, abin da ya gani ya zama tambaya, amsar kuma a nemo ta da ƙafa da ido da shaidu. Na biyu, ya riƙa kuskure, kuma kuskuren ya cuci wani, mu ga yadda zai kwana da wannan nauyi. Na uku, a bar wa wanda ake zargi baki ya yi magana, domin ko a shari'a mai ƙara ne ke kawo hujja. Marubucin da ya cika waɗannan zai sami tsoron da masu karatu ke so, ya kuma sami abin da labaran waya suka rasa, wato shakka. Jarumin da ba ya shakkar kansa ba abin da zai sa mu bi shi shafi ɗari uku.

Ga marubutanmu na Kano da Damagaram da nan gida, filin a buɗe yake. Ina jiran littafin Hausa da mai duba zai nuna 'yar aiki, gida duka ya yarda, sai mutum ɗaya ya ce a dakata a duba rigar tukuna. Wanda ya rubuta shi, kwafi biyu ba za su ishe mu a Zango ba.

Allah ya tsare mu da ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Wassalam.