Tsofaffin 'Yan Wasa Da Bakinsu: Bitar Littafin The Glory of Their Times

A shekarar 1961 Ty Cobb, ɗaya daga cikin gwarzayen wasan besbol na Amurka, ya mutu. Mutuwar ta tsaya wa Lawrence Ritter a rai, wani malamin tattalin arziki a Jami'ar New York, domin ya ga tsaran Cobb na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na tafiya da labarinsa. Sai ya ɗauki rikoda ya bazama nemansu. Daga 1962 zuwa 1966 ya yi tafiyar mil wajen 75,000, kuma a 1966 littafin ya fito da hirar mutum 22. Bugun 1984 ya ƙara huɗu.

Besbol ba wasanmu ba ne. Mutum tara-tara ake yi, wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da sanda ya ruga ya zagaya fili. Amma mai karatu ba ya bukatar sanin ƙa'idar wasan kafin littafin ya kama shi, domin abin da ke cikinsa rayuwar mutane ce: talauci, ƙuruciya, suna, rauni da tsufa.

Babbar gwanintar Ritter ita ce ya janye kansa. Ya cire tambayoyinsa duka, ya bar kowane tsoho ya yi magana da bakinsa daga farkon babi har ƙarshe. Kana karantawa kamar kana zaune gaban dattijo bayan sallar isha'i.

Ga Stanley Coveleski, wanda ya fara aiki a mahaƙar kwal ta Shamokin tun yana ɗan shekara 12. Jifan gwangwani da duwatsu ne ya koya masa saiti, har ya zama gwanin jifa. Ga Joe Wood, wanda ya ci wasa 34 a 1912, sannan hannunsa ya lalace. Bai haƙura ba, ya koma ƙungiyar Cleveland ya sake sabon matsayi a fili.

Babin da ya fi ratsa ni shi ne na Fred Snodgrass. A wasan ƙarshe na gasar zakarun 1912 ƙwallo ta kuɓuce masa, ƙungiyarsa ta Giants ta sha kashi a hannun Red Sox. Nan take bayan kuskuren ya cafke wata ƙwallo mai wuyar gaske da Harry Hooper ya buga, amma wannan ba a cika tunawa da ita ba. Snodgrass ya yi arziki, har ya zama magajin garin Oxnard, duk da haka da ya mutu a 1974 kuskuren 1912 ne jaridar New York Times ta sa a kanun labarin. A littafin yana ba da labarin da natsuwar wanda ya daɗe da rungumar ƙaddara.

Littafin yana da giɓi babba: babu baƙar fata ko ɗaya a ciki. An hana su manyan ƙungiyoyi har zuwan Jackie Robinson a 1947, sai suka kafa nasu gasannin, kuma tsofaffinsu suna raye lokacin da Ritter ke yawo. Da ya ji ta bakinsu, da tarihin ya cika. Sai dai ya yi wani abin yabo: ya raba kuɗin littafin da tsofaffin da suka ba shi labari.

Mu ma muna da namu mazajen. Ɗan Anace ya dawwamar da sunan ɗan dambe Shago da waƙa, amma kirarin mawaƙi daban, abin da ɗan dambe zai faɗa da bakinsa bayan ya kwance zare daban. A Kiyako da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram akwai dattawan da suka yi dambe da kokawa bayan kaka, suka kayar aka kayar da su. Ritter da rikoda mai nauyi ya yi aikinsa, mu kuwa waya na aljihunmu. Ɗalibai da marubutanmu, ku je ku gaida waɗannan dattawa, ku naɗi maganarsu, ku rubuta ta yadda suka faɗe ta, ku kuma ba su haƙƙinsu.