Gwanin da ya yarda na'urarsa za ta faɗi

Matashi a Dogarawa ya aika wa yayansa da ke cirani a Abijan saƙon murya ta WhatsApp, rezo ya ɗauke ana tsakiyar turawa. Ya cusa salula a aljihu, ya koma lambu. Can da la'asar ya duba, saƙo ya isa. Babu wanda ya tashi ya gyara komai, kuma wannan rashin tashin shi ne gwanintar.

Asalinta kamfanin tarho ne, Ericsson na ƙasar Suwidin. A 1986 Joe Armstrong da abokan aikinsa biyu, Robert Virding da Mike Williams, suka fara ƙera harshen kwamfuta mai suna Erlang domin na'urorin haɗa kira, waɗanda ba a yarda su yi barci ba ko da daren salla. Abin da ya burge ni da su, ba su ɗauki girman kan cewa za su rubuta manhaja marar kuskure ba. Sun sallama kuskure zai zo, sai suka yi masa masauki.

Duk wanda ya taɓa ban ruwan albasa a Galmi ya san dabarar. Ba a yin lambu fili ɗaya, yanka shi ake yi fangali-fangali, in bakin ɗaya ya ɓalle a toshe shi, sauran na nan da ruwansu. Haka Erlang ke yanka aiki dubu-dubu, kowane da ɗakinsa, ba ya taɓa kayan maƙwabcinsa. Bisa kansu akwai mai gadi wanda ba ya aikin komai sai sa ido. In ɗaya ya rikice ba a tsaya jinya, barinsa ake ya mutu, mai gadi ya tada sabo nan take. In mutuwar ta yawaita, mai gadin ma ya sauka, na sama da shi ya sake tada rukunin duka. Wato kashe-ka-kunna ɗin nan da mai gyaran waya a kasuwar Konni ke fara gwadawa, amma an mai da shi tsari.

A kan Erlang aka gina WhatsApp. Lokacin da Facebook ya sanar da sayensa a 2014 kan dala biliyan 19, masu amfani da shi sun kai miliyan 450, ma'aikatansa kuwa ba su cika sittin ba.